Ƙararrawar Tashar Jirgi

Ranar Juma'a da rana tsaka aka sauke ƙararrawar tashar jirgin ƙasa ta Gombe. An yi ruwa da safe ya ɗauke, ƙasa ta yi laushi. Salahuddeen mai gadi ya dawo daga masallaci da darduma a kafaɗa, ya ɗaga kai, ya ga ƙarfen da ake rataye ta a jiki ba komai.

Mutanen gari su ma dai sai a bar su. Shekara da shekaru ba wanda ya ɗaga ido ya kalli ƙararrawar nan. Jirgi ya daina zuwa, ciyawa ta cinye layi, awaki sun mai da taragai ɗakin kwana, ba wanda ya ce uffan. Amma da aka ce ƙararrawa ta ɓata, sai ka rantse uwar kowa aka sace. Kafin la'asar dandamalin tasha ya cika, kuma an riga an samu wanda za a ɗora wa laifi. Wani matashi ne ɗan gwangwan, mai yawon sayen tsofaffin ƙarafa, mai suna Mu'azzam, wanda aka gani da baronsa a bakin tasha wajen azahar. Samari suka tare shi a hanya, suka fasa masa leɓe, 'yan banga suka ƙwace shi suka kulle a ofishinsu.

Malam Zulkifilu, jami'in da ke kula da abin da ya rage na tashar, shi ya aika unguwar Bagadaza a kira Bamanga.

Bamanga tsohon makiyayi ne. Shanu sun ƙare masa, ido bai ƙare ba. In an saci akuya ko an haura katanga, shi ake kira ya karanta ƙasa. Abin da aka san shi da shi guda ne: bai taɓa yin ƙarya a kan sawu ba. An ce ya taɓa bin sawu har ƙofar gidan surukinsa, ya yi sallama, ya faɗi abin da ya gani.

"Baffa," in ji Zulkifilu, "yaron nan ya ƙi faɗin inda ya kai ta. In ta fito kafin la'asar ɗin gobe, shi ke nan. In ba ta fito ba, hannun 'yan sanda zan sa shi, su ji da shi."

"Ka gan shi da ita?"

"Ban gani ba. Amma wa zai ɗauki ƙarfe in ba mai sayar da ƙarfe ba?"

Bamanga ya kori jama'a baya da sandarsa, yana mita a kan ƙafafun da suka tattake masa wuri, ya tsaya ƙarƙashin inda ƙararrawar take. Ba a yanke ƙarfen ba, ba a ɓalle shi ba. An kwance kusoshin a hankali, aka zare ƙararrawa, sannan aka mai da kowane noti kan kusarsa aka ɗaure. Ya shafa da yatsa, ya ji danshin baƙin mai.

"Ikon Allah," ya ce. "Ɓarawo mai ladabi."

A bayan dandamali, inda ba a taka ba, ya samu abin da yake nema. Akwai layin taya guda na baro, ya shigo ya fita, bai nutse ba ko kaɗan. Gefe kuma akwai sawun silifas na roba, ƙafa babba ta namiji. Ya zo sama-sama, ya koma a nutse, alamar ya koma da kaya. Abin da ya ɗaure wa Bamanga kai shi ne takun. Gajere ne ƙwarai, kamar na yarinya mai tallan nono, kuma kowane taku daidai yake da ɗan'uwansa, zuwa da komawa. Tsoho yana jan ƙafa, mai ciwo yana ɗingishi, mai tsoro yana faɗaɗa taku. Wannan ba ya ko ɗaya. Ya auna takun da sandarsa, sannan ya bi sawun har bakin kwalta ta wajen Tudun Wada, nan ya ɓace masa.

* * *

Ya fara da mai gadi.

"Kai kaɗai ke da mabuɗin ɗakin kayan aiki?"

"Wane kayan aiki, Baba?" in ji Salahuddeen. "Ko sifana ɗaya ba ta rage a tashar nan ba. Ni dai na tafi salla. Da na sani, wallahi da a nan zan yi abata."

"Wa ya san kana barin wurin ranar Juma'a?"

"Duk garin nan."

Bamanga ya dubi ƙafarsa. Ƙarama ce, kuma yana taka gefenta na waje. Ya bar shi.

A ofishin 'yan banga ya tarar da Mu'azzam zaune a ƙasa, leɓe a kumbure, ido ja.

"Me ya kai ka tasha lokacin salla?"

Yaron ya sunkuyar da kai. "Barci, Baba. Akwai wani tarago mai sanyi. Tun asuba nake yawo ban samu komai ba, na ce bari in ɗan kishingiɗa kafin a tada salla. Sai farkawa na yi na ji an idar."

"Ba ka ji motsi ba?"

"Na ji kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe a hankali, ƙwas, ƙwas. Na ɗauka mafarki ne." Ya ɗago. "Baba, ni da zan ɗauka, zama zan yi ina kwance noti? Guduma zan sa. Mahaifiyata ba ta ma san inda nake ba. In aka kai ni can, ai ka san ɗan gwangwan ba ya fitowa da wuri."

Bamanga ya san haka. Ya sa shi ya tashi ya yi tafiya daga bango zuwa ƙofa. Yaron dogon taku gare shi, irin na mai tura kaya. Ya gaya wa shugaban 'yan banga cewa ba shi ba ne. Shugaban ya ce ya ji, amma jama'a ba za su yarda da baki ba, sai an nuna musu wani.

* * *

Da safiyar Asabar labari ya zo daga Tudun Wada. Wata mai ƙosai ta rantse ta ji ƙarar ƙararrawa jiya gab da magariba, can ƙasa-ƙasa, ta wajen wata 'yar majami'a mai rufin kwano. Nan take aka tuna cewa Fasto Bernard, mai majami'ar, ya taɓa zuwa tasha ya roƙi a ba su ƙararrawar tunda ba ta aikin komai. Magana ta fara ɗaukar wani launi da Bamanga ba ya so, don ya san garin nan in aka fara cewa "su" da "mu" ba a tsayawa a kan ƙarfe.

Ya samu Fasto yana share harabar da kansa.

"Na roƙa, gaskiya ne," in ji Fasto Bernard. "Aka hana ni, na haƙura. Zo ka ga tamu."

Ya nuna masa tsohon rim na mota rataye a jikin darbejiya. Ya buga. Ƙarar ta fito kamar an ya da faranti.

"Ni ma na ji ta jiya," ya ce, ya rage murya. "Baba, a kwatas ɗin reluwe aka haife ni. Da ƙarar nan na tashi. Ina cikin addu'a na ji ta, sai na kasa ci gaba. Na zaci kunnena ne ke yi min gizo."

"Daga ina ta fito?"

"Daga cikin unguwa. Ban san gidan ba. In gaya maka gaskiya, ban so in sani ba."

Bamanga ya leƙa ƙafarsa. Takalmi sau-ciki, kuma yana buɗe ƙafa in yana tafiya. Shi ma ba shi ba ne.

* * *

Rana ta yi sama, ga shi hannu rabbana. Maimakon ya bi kwalta ya koma tasha, sai ya sauka kan layin dogo, don can babu masu keke napep da za su dame shi da hon.

Rabonsa da ya taka layin nan ya manta. Yana yaro aka shimfiɗo shi daga Bauchi, ya ratsa Gombe, ya miƙe Bajoga har Maiduguri. Ya tuna ranar da ya fara ganin jirgi, shanun babansa suka watse cikin daji shi ma ya bi su da gudu. Ya tuna taragan gyaɗa da na auduga, da na shanu masu tafiya kudu suna leƙe ta tsakanin katako. Ya tuna tashar nan in an buga ƙararrawar farko, yadda mata ke ɗaukar tire suna gyara zani, yadda gari gaba ɗaya ke juyowa gefe guda. Daga baya jirgi ya koma zuwa jefi-jefi. An taɓa farfaɗo da shi na ɗan lokaci, mutane suka yi murna, ya sake ɗaukewa. Bamanga bai taɓa zaton abin yana damunsa ba sai yau.

Yana tafe yana wannan tunani sai ya ji tafiyar ta gundure shi. Ƙarafan nan na gicciye da dogo ke kwance a kansu ba a jera su don ƙafar mutum ba. In ka taka kowanne, takun ya yi maka gajere. In ka tsallake ɗaya, ya yi maka tsawo. Dole ka rage ƙafa ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ɗis, ɗis, ɗis.

Ya tsaya cak. Ya dubi ƙafarsa a kan ƙarfe ɗaya, ya dubi na gaba. Ya kwantar da sandarsa tsakaninsu ya riƙe wurin da yatsa. Daidai da abin da ya auna jiya a bayan dandamali.

Mutumin da ya yi rayuwarsa yana taka waɗannan ƙarafa har ƙafarsa ta manta da wani taku. Mutumin da ba zai iya barin kusa ba noti ba, ko da sata ya zo yi. Ma'aikatan duba layi da suka rage da rai a Gombe ba su da yawa, kuma guda ne kawai ke zaune a Tudun Wada, wato abokinsa Titus.

Bamanga ya zauna a kan dogo. Da ya samu yadda zai yi ya mai da abin da ya gani, da ya mayar.

* * *

Titus mutumin Kaltungo ne. Tun suna samari suka san juna a daji, shi yana bin layi da dogon sifana a kafaɗa yana ƙwanƙwasa kusoshi, Bamanga yana bin shanu. Titus kan gaya masa lokacin da jirgi zai wuce ya janye garke, shi kuma ya miƙa masa ƙwaryar kindirmo. Shi ya sa Bamanga bai taɓa sanin sawun abokinsa ba, don a kan tsakuwa da ƙarfe ya san shi. Matarsa Edna, da kowa ke kira Maman Jummy, masa take sayarwa a dandamalin tasha, kuma ba ta taɓa barin Bamanga ya wuce bai ɗauki guda ba.

A ƙofar gidan, cikin laka, ga gajeren takun nan ya shiga a nutse.

Titus na zaune a tsakar gida. Da ya ga mai sallama bai tashi ba.

"Mai Shanu," ya ce. "Tun jiya nake sauraronka. Ka tsufa."

"Reluwe, ƙafarka ta tona ka."

"Zauna ka gani tukuna. Bayan nan ka yi abin da ya kawo ka."

A bakin ɗaki Edna ke zaune a kan tabarma. Bamanga ya tsorata da ganinta. Matar da ya sani mai jiki da murya ta koma ƙashi da fata. Gabanta tire ne na masa an rufe da farin ƙyalle, ta zuba wa ƙofar gida ido. Ya gaishe ta, ta dube shi ba ta gane shi ba.

"Kanta ya tafi," in ji Titus. "Ni kaina wata rana ba ta sanina. Jummy tana Jos da yara, ta zo ta koma. Abu ɗaya ya rage mata, tasha. Ka san al'adarsu. Mai talla ba ta sa komai a baki sai an buga ƙararrawar tashi, jirgi ya ɗaga. Kafin nan abincin na fasinja ne. To can ta koma. In na kawo abinci ta ce jirgi bai tashi ba. Tun farkon damina ruwan koko kawai nake ɗura mata da dabara. Na buga faranti, na buga galma, na je na roƙi Fasto ya buga rim ɗinsa. Sai ta dube ni ta ce, wannan ba ita ba ce."

Ya shiga ɗaki. Bamanga ya hango ƙararrawar a bayan ƙofa, an naɗe ta da bargo. Titus ya ɗan yaye bargon, ya buga a hankali.

Ƙarar ta fito ƙasa-ƙasa, mai zurfi, ta daɗe tana rawa a cikin ɗakin. Edna ta gyara zama. Ta bi wani abu da ido daga wannan bango zuwa wancan, a hankali, har ya wuce. Sannan ta yaye ƙyallen, ta ɗauki masa, ta ci. Ta ƙara.

Bamanga ya kau da kai, don idonsa ya kawo ruwa.

"Jiya ta cinye tire," in ji Titus. "In ka ɗauke ta, ka san abin da ka ɗauke."

"Na sani. Akwai kuma yaro a kulle da fasasshen baki. Da la'asar za a miƙa shi."

"Na ji labari. Ban runtsa ba."

"Titus, ka san ni. In aka tambaye ni inda sawu ya shiga, zan faɗa." Ya miƙe da ƙyar. "Amma zan yi ta jan magana iya yadda zan iya. Sauran ya rage naka."

* * *

Da la'asar dandamali ya fi jiya cika. An fito da Mu'azzam. Salahuddeen na tsaye, Fasto Bernard ya zo da kansa ba a kira shi ba. Malam Zulkifilu ya riƙe waya a hannu.

Bamanga ya fara, kuma bai taɓa yin surutu irin na ranar ba. Ya sa aka watsa ruwa a ƙasa. Ya sa mai gadi ya taka, ya auna, ya ce ba shi ba ne. Ya sa Fasto ya taka, ya ce ba shi ba ne. Ya sa Mu'azzam ya taka, ya tura baro da kaya, ya tura babu kaya, ya nuna wa kowa bambancin. Ya yi bayanin noti, ya yi bayanin baƙin mai, ya koma ya sake bayanin noti.

"Baffa," in ji Zulkifilu, "mun ji waɗanda ba su ba ne. Ka san wanda ya ɗauka ko ba ka sani ba?"

"Na sani."

"Waye?"

Bamanga ya buɗe baki zai faɗi sunan. Ya dubi layi. Sai ya ɗaga sandarsa ya nuna.

Can a kan dogo wani tsoho ke tahowa da gammo a ka, ƙararrawa a bisa gammon, dogon sifana a rataye a kafaɗa. Yana taka ƙarafan gicciye ɗaya bayan ɗaya, bai kuskure ko guda ba. Bayansa wata tsohuwa ce ke biye a hankali, ta riƙe gefen rigarsa da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya dafe tire.

Tsofaffin ciki suka gane su. Wata ta ce, "Maman Jummy ce," ta rufe baki da mayafi.

Titus ya sauke kayansa a gaban Zulkifilu, yana haki. Ya faɗi abin da ya yi da dalilinsa a taƙaice, bai nemi a tausaya masa ba. Sannan ya juya wajen Mu'azzam.

"Ɗana, a kaina aka dake ka. Ka yafe min."

Mu'azzam ya taɓa leɓensa. "Baba, da ka fito tun jiya."

Samarin da suka yi dukan suka fara sulalewa ta baya.

Zulkifilu ya daɗe yana kallon wayarsa. Ya kalli tsohuwar, wadda ta riga ta wuce su duka ta je gindin wani ginshiƙi ta ajiye tirenta, daidai inda take zama a da. Ya sa wayar a aljihu.

"Ba za ta sake barin tashar nan ba," ya ce. "Wannan ba ni da iko a kai. Amma ban ga inda aka hana buga ta ba. Salahuddeen, in sun zo, ka bar su."

Titus ya ɗaga ƙararrawar zai rataya, hannunsa ya gaza. Mu'azzam ya tsaya yana kallonsa, har aka zaci ba zai motsa ba. Sai ya yi tsaki, ya zo ya tallafa ta daga ƙasa. Tsohon ya ɗaure kusoshi, ya bi kowane noti ya ƙwanƙwasa. Sannan ya kama igiya ya buga, wannan karon ba bargo.

Ƙarar ta tashi ta ratsa kwatas, ta haura rufin kwano, ta shiga unguwa. Mutane suka fito ƙofar gida. Masu keke suka tsaya a bakin kwalta. A kan dandamali kuwa, manya da suka san babu abin da ke zuwa, duk suka juya suka kalli inda layi ya ɓace cikin ciyawa. Bamanga ma ya kalla.

Edna ta yaye ƙyalle. Ta ɗauki masa, ta ɗaga kai, sai idonta ya sauka a kansa ya tsaya.

"Ɗan Fulani," ta ce. "Ka janye shanunka daga layi?"

"Na janye, Maman Jummy."

Ta miƙa masa guda, ya karɓa da hannu biyu. Ta ɗauki tata, ta kai bakin leɓe, sai ta dakata. Ta dubi layin hagu da dama, fuskarta ta shiga damuwa. A nan fili ne, ba bangon ɗaki ba, kuma ba abin da ya gifta.

"Ban gan shi ba," ta ce. "Ya wuce kuwa? Kai ne mai ido. Duba min."

Jama'a suka zuba wa Bamanga ido, don duk sun san shi. Ya sauka daga dandamali a hankali, ya tsuguna, ya ɗora tafin hannunsa a kan dogon da ya yi tsatsa. Ya bi shi da kallo har inda ido ya gaza.

"Ya wuce, Maman Jummy," ya ce. "Ga sawunsa nan."

Ta gyaɗa kai, ta sa masar a baki.